Katako tsakanin hunturu da damina: yadda ake kula da shi a Arewa

A Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso, ƙofar da ke rufuwa lafiya a watan Janairu kan ƙi shiga mazauninta a watan Agusta. Dalili shi ne katako yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi. A hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ruwan da ke cikin katako ya ragu zuwa kimanin kashi 5. A tsakiyar damina, idan danshin ya kai kashi 80, ruwan katakon yana iya haura kashi 15. Katako yana kumbura ne ta faɗi, da ƙyar tsawonsa ke canzawa, shi ya sa tsaga ke bin tsawon allo.

Galibin allunan da kafintoci ke aiki da su daga kudu ake kawo su, ta Najeriya ko ta Bénin, inda iska ke da danshi. Idan aka haɗa gado ko ƙofa da su nan take, za su ƙanƙance bayan an buga ƙusa. Ya kamata a jera su a inuwa na wasu makonni, a sa ƙananan itatuwa tsakaninsu don iska ta ratsa.

Mai shimfiɗa daɓen katako ya bar tazarar kusan santimita 1 a gefen bango. Kada a cike ɓarakar da ta buɗe da rani, domin da ruwa ya sauka allunan za su sake haɗuwa. Haka ma ƙofar da ta cije da damina, kaɗan za a kankare ta.

Yashi yana karce katako, don haka a share kafin a goge da tsumma mai ɗan laima. Fenti ko mai a shafa ta kowace fuska, har ƙasan ƙofa. Turmin kirya a ajiye shi a inuwa, kuma baƙin man mota bai dace da kayan girki ba.

Sauran abin lura shi ne gara. A ɗaga kaya daga ƙasa, a riƙa duba azarar giginya tun farkon damina, a rushe hanyar ƙasar da gara ta gina da zarar an gan ta.