Kakaki a Zamanin Korona: Abin da Kulle Ya Tuna Mana a Damagaram

Yau za mu waiwayi 2020, shekarar da duniya ta yi tsit.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Aka rufe makarantu da iyakoki, aka hana taro, masallatai ma sai 13 ga Mayu aka buɗe su. A Kano, an soke hawan salla na shekarar. To maroƙi da makaɗi da mabushi, waɗanda abincinsu yana cikin taro, ina za su sa kansu?

A Turai, masu kiɗa da busa sun samo dabara. Kowa ya zauna a ɗakinsa, ya sa abin sauraro a kunne yana bin kiɗa guda, ya ɗauki nasa ɓangaren da salula. Sai a tattara a kwamfuta, a jera muryoyin su hau juna daidai, fuskokin su fito a ƙananan akwatuna kamar suna wuri ɗaya. Haka makaɗan ƙasa na Faransa suka yi da kiɗan Bolero na Ravel, miliyoyin mutane suka kalla.

Mu kuwa namu ƙahon ƙarfen, kakaki, ba haka aka gina shi ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara amfani da shi a can. Tun daga lokacin kakaki na sarauta ne. Ba a busa shi don nishaɗi, ba a busa wa kowa sai sarki. Muryarsa ba ta da yawa, amma magana yake yi: take da kirari, wanda ɗan gari ya ji ya san wa ke tafe.

Nan Damagaram, a fadar Birni, wannan murya ta ga abubuwa. Ta ga zamanin Tanimun, mai ganuwa da igwa, wanda ya rasu a 1884. Ta ga shigowar Faransawa a 1899. Ta ga Zinder tana babban birnin Nijar, ta ga an mayar da shi Yamai a 1926. Mulki ya sauya, busa ba ta yanke ba, domin uba yana koya wa ɗa, baki da baki.

Nan haɗarin yake. Baturen da ya busa a ɗakinsa yana da takardar kiɗa a gabansa. Namu mabushin, littafinsa yana cikin kansa. In taro ya tsaya, koyo ya tsaya. In dattijo ya kwanta dama, taken sarakuna da dama sun bi shi kushewa.

Saboda haka dabarar nan ta kulle ta fi yi mana amfani yau. Salula tana aljihun kowane matashi. Da izinin fada, a zauna da dattawan kakaki da algaita da tambari, a ɗauki kowa shi kaɗai, ya busa, ya faɗi taken wane ne da ma'anarsa, sannan a haɗa. A ba su haƙƙinsu, a ajiye wa jikoki.

Ku faɗa mana, a garinku wa ya rage da ya san waɗannan take? Allah ya ja zamanin sarki, ya raba mu da annoba.