Yadda Ƙauyukan Alps Suka Daina Cin Rani

Mai karatu, duk wanda ya duba tallace-tallacen kamfanonin yawon buɗe ido na Turai a ƙarshen shekara zai ga kalma guda suke ta nanatawa, wato "shiru". Ƙauye mai shiru a cikin tsaunukan Alps, gidajen katako, dusar ƙanƙara har gwiwa, ka yini kana wasan zamiya, da dare ka zauna gaban wuta. Wani ƙanena da ke karatu a Jamus yana shirin irin wannan hutu, shi ya sa ni bin diddigin lamarin. To amma ni ɗan Achika ne, cikin ƙasar Wudil, na kuma san shirun da ke sauka a ƙauye bayan an kai amfanin gona rumbu. Shiru ne na rashin maza. Da na karanta tarihin waɗancan ƙauyuka sai na tarar su ma da can irin namu ne.

Shekara ɗari biyu baya, hunturu a Alps azaba ce. Ƙanƙara kan rufe hanya da gona watanni, a kulle shanu a gida ana ba su busasshiyar ciyawa, abincin da aka tara kuwa ba ya isar baki duka. Sai a rage bakunan. Yara daga yankin Savoy na Faransa kan gangara Faris da Lyon suna sharar bututun hayaƙi, domin ƙaramin jiki ne kaɗai ke iya shiga ciki. Na yankin Ticino a Suwizalan kan nufi Milan a kan sana'ar guda, wasu ba su kai shekara goma ba. Mutanen kwarin Engadin kuma sun yi suna wajen yin kayan zaƙi a birnin Venice, har aka kore su a 1766, suka bazu cikin sauran biranen Turai. In ban da sanyi, mene ne bambancin wannan da ɗan'uwanmu da ke ɗaukar ƙunshinsa bayan kaka ya tafi Kano ko Ikko yana ga-ruwa ko dako ko yankan farce, sai hadari ya fara haɗowa ya dawo?

Abin ya fara juyawa ne a 1864 a St. Moritz, cikin wannan kwari na Engadin. Akwai wani mai otel, Johannes Badrutt, wanda baƙinsa Ingilishi ke zuwa da bazara kaɗai. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ce musu su dawo da hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka zo, suka tarar da rana tarwai a kan ƙanƙara alhali Landan na cikin hazo da hayaƙi. Ko cacar ta faru yadda ake faɗa ko an ƙara mata gishiri, daga wannan lokaci garin yake ƙirga shekarun baƙinsa na hunturu.

Davos, wanda yau muka fi sani da taron attajirai da shugabanni, da marasa lafiya ya fara. Wani likita Bajamushe, Alexander Spengler, ya yi imani iskar tsauni na taimakon masu tarin fuka, sai aka shiga gina gidajen jinya. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, ya kai matarsa jinya can, ya koyi zamiya, a 1894 ya ƙetare tsauni daga Davos zuwa Arosa tare da wasu 'yan'uwa biyu 'yan garin, ya kuma rubuta labarin a mujallar Ingila. Abin dariya, katakon zamiyar ma baƙo ne a Alps, daga Norway aka kawo shi. A 1922 Arnold Lunn ya shirya gasar zamiya tsakanin turaku a ƙauyen Mürren, a 1924 aka yi Olamfik na hunturu na farko a Chamonix, a 1934 kuma aka kafa injin jan mutum zuwa saman tudu a Davos. Da zuwan injin nan, wanda ba ya iya hawan tsauni da ƙafa ma ya samu shiga. Jikokin masu sharar hayaƙi suka zama masu otel da masu koyar da zamiya, ƙauyukan da ke fitar da ma'aikata suka koma suna ɗaukar 'yan cin rani daga wasu ƙasashe.

Mu a nan ba baƙi ne suka rage mana cin rani ba, ruwa ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙauyukan Kura da Kadawa suka samu noman rani, tumatir da albasa da alkama, matasa da yawa suka ga babu dalilin tafiya. Mu da hanyoyin ruwan ba su iso ba, sai mai fadama ko mai injin ban-ruwa a bakin kogi, sai kuma wanda ke samun na cefane a kasuwar Wudil ran Juma'a. Sauran har yanzu tasha suke nufa. A ganina darasin bai wuce a samu abin da zai riƙe mutum a gida a watannin da gona ba ta aiki ba, kuma wannan ba ya samuwa sai an zuba jari, ko na otel ko na madatsa.

Sai dai arzikin da ya dogara da yanayi yana da nasa tsoro. Ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 an ga tuddai da dama a Alps kore shar, sai siririn layin ƙanƙarar da inji ya fesa. A 2023 ƙaramin wurin zamiya na La Sambuy a Faransa ya rufe injunansa gaba ɗaya saboda ƙanƙara ta daina zuwa yadda za ta biya kuɗin aiki. Ƙananan ƙauyuka na ƙasa-ƙasa, waɗanda su ne masu shirun da araha, su abin ya fi shafa.

Don haka abin da na gaya wa ƙanen nawa kaɗan ne. Ya fara duba tsayin ƙauyen kafin hoton gidajensa, St. Moritz na wajen mita 1,800, Mürren ya haura 1,600, kuma mota ba ta shiga Mürren, sai ta jirgin ƙasa ko keken igiya. Ya kauce wa makon Kirsimeti da hutun makarantu na Fabrairu, ya nemi tsakiyar Janairu. Kaya ya yi haya, kada ya saya, ya biya mai koyarwa ko na kwana biyu ne, ya kuma tabbatar inshorarsa ta haɗa da ɗauko mutum daga kan tsauni, domin karaya a can ba ta mai ɗori ba ce, wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ake kira, kuma kuɗinsa na iya fin na hutun duka.