Adon POP na gefen silin: asalinsa da abin dubawa kafin a kashe kuɗi

Duk wanda ya shiga sabbin gidaje a Apo, Abuja, zai ga farin ado a mahaɗar bango da silin, da da'ira mai zanen ganye inda ake rataya fitila. Yanzu 'yan uwanmu na Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal sun kama yayinsa, a gidan da suke zaune ko wanda suke ginawa a Arewa.

Asalinsa

Salon ya fito ne daga Italiya. A ƙarni na 15 magina a birnin Fulorens suka koma kwaikwayon ginin tsohuwar Rum da Girka: ginshiƙai, layuka a jere, da ganye. Wannan zamani shi ake kira Renesans, wato farfaɗowa. Magini Andrea Palladio ya fitar da littafinsa na gini a 1570, wanda ya yaɗa salon a Turai. A Legas kuwa, 'yantattun bayi da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 sun zo da irin wannan ado. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 shaida ne.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Magina a Kano da Zariya sun daɗe suna zanen dagi da zanko da ƙasa. Bambancin kawai, nasu da hannu ne, wannan kuma a mazubi ake zuba shi.

Yadda ake yinsa

POP gari ne na wani farin dutse mai suna jipsam da aka gasa. Ana kwaɓa shi da ruwa, a sa zare don ya yi ƙarfi, a zuba a mazubi. Cikin mintuna yake daskarewa, amma bushewa sai ya ɗauki kwanaki. A Abuja ana samun kayan a kasuwar Dei-Dei, kuma da yawa daga masu aikin 'yan Togo da Binin ne.

Abin dubawa

Na farko, rufi. POP ba ya shiri da ruwa. Idan kwano na yoyo, zai yi tabo, ya tsage, wata rana ya rufto kan yara. A gyara rufi tukuna, musamman a Kudu inda damina ke da tsawo.

Na biyu, a gama wayarin kafin a rufe silin, a kuma bar ƙofar hawa sama.

Na uku, ɗaki mai gajeren tsayi ba ya son ado mai faɗi. Siririn layi ya wadatar.

Na huɗu, a duba mazubin da ido. Wasu na da fuskar mutum ko yaro mai fiffike, sai a zaɓi na ganye ko layuka.

Na biyar, kada a yi fenti sai ya bushe sarai.

Idan gidan haya ne, a haƙura, don ba a tashi da shi. Mahaifina kan ce ba a sayen saniya don kyan ƙahonta, sai an duba haƙori da ƙafa. To haka gida yake: rufi da waya tukuna, ado daga baya.