Daga Kusada zuwa Birnin Katsina

Wanda ya hau mota a ƙasar Kusada ya nufi Birnin Katsina, yakan ɗauka hanya ce kawai ta kwalta. Alhali kuwa turba ce tsohuwa, wadda fatake suka daɗe suna bi da raƙuma da jakuna tsakanin Kano da Katsina, tun ba a san mota ba.

A cikin 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda aka laƙaba wa suna Abdulkarim, ya fito daga Katsina za shi Kano, ya biyo ta Kusada, har ya ambaci garin cikin littafinsa. Hakimin Kusada shi ne Bebejin Katsina. In aka bar Gidan Mutum Ɗaya aka yi arewa, sai Kankiya, inda Kankiyan Katsina yake zaune. Daga nan a wuce Caranci da Batagarawa, sai ga birni.

To, a nan ne matafiyi ya kamata ya sauka ya yi kallo a tsanake. Ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa, tana tsaye shekaru aru-aru, shaida ce ta zamanin da Katsina ta zama matattarar malamai. Ga ƙofofin gari, waɗanda suka ga shigowar jama'ar Shehu, sa'ad da Ummarun Dallaje ya karɓi mulki daga sarakunan Haɓe. A cikin 1824, Clapperton, mutumin ƙasar Sikotilan, ya yada zango a birnin yana komowa daga Sakkwato. A cikin 1903 Turawa suka shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, bayan shekara uku kuma aka naɗa Muhammadu Dikko sarki. Ga kuma tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu.

Amma akwai abin takaici. Ganuwar birnin ta zube a wurare da yawa, an yi gidaje a kanta, tsofaffin da suka san labarin garuruwan nan kuwa kullum raguwa suke yi. Baƙo ya zo daga nesa ya rubuta sunan Kusada, shi ya sa labarinsa bai ɓace ba. Kai da ka iya karatu da rubutu yanzu, je ka wurin dattawan garinku, ka tambaye su wanda ya kafa shi, da inda ƙofofinsa suke a da, ka rubuta tun suna da rai.