Tarihin Gardamar Malamai a Kan Sanin Allah da Zaɓin Bawa

Akwai wata gajeriyar tambaya wadda malaman Musulunci suka yi kusan shekara 800 suna juya ta, tun daga Basra a ƙarni na farko na Hijira har zuwa Tilimsan a ƙarshen ƙarni na tara. Tambayar ita ce: in Allah ya san tun fil azal wane zai yi sata ran kaza, saninsa kuwa ba ya kuskure, shin wanen nan yana da ikon ya ƙi yin satar? In ba shi da shi, da wane dalili alƙali zai hukunta shi a duniya, a kuma yi masa hisabi a lahira? In kuwa yana da shi, ina matsayin sanin da ya gabata? Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun gardamar nan daki-daki, a nuna cewa tambayoyi biyu ne aka cusa cikin riga guda, watau ta sanin Allah, da ta nufinsa da halittarsa. Ta farko ba a daɗe ba aka kusa haɗa baki a kanta. Ta biyun ce ta raba makarantu.

1. Kalmar ƙaddara

Daga tushe guda na Larabci, mai baƙaƙe ƙ-d-r, aka sami “ƙadar”, watau awo ko gwargwadon da aka yanke wa abu, aka kuma sami “ƙudura”, watau iko. Saboda haka sunan nan Ƙadariyya, wanda aka liƙa wa jama'ar farko da ta tā da maganar, baki biyu gare shi. Ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya kamanta Ƙadariyya da Majusawa, don haka ba wanda ya so sunan. Masu cewa bawa ke yin aikinsa suka ce sunan ya fi dacewa da waɗanda ba su da magana sai ƙaddara. Su kuma waɗancan suka ce a'a, wanda ya ba kansa ikon ƙaddara aikinsa shi ya cancanci a kira shi haka. A ƙarshe sunan ya zauna a kan masu ba bawa iko.

Hausa ta ari kalmar da fuskokinta biyu. A kan ce “Allah ya ƙaddara”, a kan kuma ce “a ƙaddara buhu goma za a samu”, watau a ƙiyasta. Amma sa'ad da Bahaushe ya ce “ƙaddara ta riga fata”, ya tara abu huɗu ne waɗanda malamai su ke rarrabewa: sanin Allah, da rubutun Lauhul Mahfuzu, da nufinsa, da halittarsa. Wanda bai warware huɗun nan ba, tarihin da ke tafe zai rikice masa.

2. Basra da Sham

Hadisin da ya buɗe littafin imani na Sahihu Muslim ya ambaci Ma'abadul Juhani a kan shi ne farkon wanda ya yi maganar ƙaddara a Basra. Mutum biyu daga garin suka tafi Makka, suka sami Abdullahi ɗan Umar, suka gaya masa waɗansu mutane sun bayyana masu karatun Alƙur'ani da neman ilmi, suna cewa ba abin da aka yanke tun da, kowane al'amari sabo ne. Masu sharhi sun fassara wannan da cewa, a ganin mutanen nan, Allah ba ya sanin aikin bawa sai ya auku. Ɗan Umar ya barranta daga gare su. An kashe Ma'abadu wajen shekara ta 700 ta Miladiyya, zamanin halifa Abdulmaliku.

Maganar ba ta tsaya a zauren karatu ba. Abokan hamayyar Banu Umayya suna tuhumarsu da fakewa da ƙaddara: in Allah ne ya ba su mulki, ya kuma hukunta abin da su ke yi, to, mai jayayya da su yana jayayya da hukuncin Allah ke nan. Wanda ya ce azzalumi shi ya zaɓi zaluncinsa, ya buɗe ƙofar a tuhumi sarki. Gailanu na Dimashƙu ya rasa ransa zamanin halifa Hishamu, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743, kuma a 744 Ƙadariyyar Sham suna cikin waɗanda suka goya wa Yazidu ɗan Walidu baya ya karɓi sarauta. Akwai wata wasiƙa mai kare zaɓin bawa wadda a ke jingina wa Hasanul Basri, wanda ya rasu a 728, ko da ya ke waɗansu masu bincike na baya suna ganin daga baya aka rubuta ta da sunansa.

Amma kada a ɗauka duk mai cewa tilas ce bawan sarki ne. Jahamu ɗan Safwanu, wanda a ke danganta wa ra'ayin Jabariyya, ya ce in an ce mutum ya yi abu, kamar a ce rana ta fito ne ko ruwa ya gudana. Shi ma a cikin tawaye ga gwamnan Banu Umayya aka kashe shi, a Marwa, a 746.

3. Yadda aka sallama maganar sani

Musun sanin Allah bai yi tsawon rai ba. Ana jingina wa Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, shawarar cewa a yi jayayya da Ƙadariyya ta hanyar sani: in sun yarda da shi an kā da su, in sun musa sun fita daga addini. Mu'utazilawa, waɗanda a ke kai asalinsu ga Wasilu ɗan Aɗa'u na Basra, wanda ya rasu a 748, suka yarda da sanin, amma suka ƙi yarda an kā da su. Suka ce lalle Allah ya san kome kafin ya auku, sai dai sani ba ya sa abu ya auku. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya san za a yi ruwa, ba kuwa saninsa ya kawo ruwan ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne adalci: bawa ke samar da aikinsa da ikon da Allah ya ba shi, in ba haka ba azabtar da shi zalunci ne.

An sami ɗaiɗaiku da suka ci gaba da ganin wuyar al'amarin. Hishamu ɗan Hakamu, malamin Shi'a na Kufa a ƙarni na biyu na Hijira, an ruwaito yana ganin in an san sakamakon jarrabawa tun kafin a yi ta, ba ta zama jarrabawa ba. Duk da haka, sa'ad da Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya zo sharhin hadisin Ma'abadu, ya kawo cewa masu musun sanin da ya gabata sun riga sun ƙare. Gardama ta tashi daga “wa ya sani?” ta koma “wa ya yi?”

4. Ash'ari da Maturidi

Abul Hasanil Ash'ari almajirin Jubba'i ne, babban Mu'utazilin Basra, kafin ya rabu da shi wajen 912. Littattafan baya suna ba da labarin rabuwar kamar haka. Ash'ari ya tambayi malaminsa hukuncin 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya fajiri, ɗaya yana yaro. Malam ya ce na farko yana da daraja a Aljanna, na biyu yana wuta, na uku ya tsira amma ba shi da darajar. Ash'ari ya ce, in yaron ya tambayi dalilin da ba a bar shi ya girma ya yi aiki ba fa? Malam ya ce, sai a gaya masa an san da ya girma da ya saɓa, ɗauke shi shi ne mafi alheri gare shi. Ash'ari ya ce, to, in na wutan ya ce shi ma an san abin da zai zama, don me ba a ɗauke shi yana yaro ba? Malam ya yi shiru.

Abin lura a labarin nan shi ne, duka biyun sun yarda da sanin. Ash'ari ya yi amfani da shi ne don ya rushe cewa wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa. Nasa bayanin shi ne “kasabu”: Allah ke halittar aiki, bawa kuwa yana tsiwurwurinsa da wani iko da a ke halitta masa tare da aikin. Hujjarsa ita ce kowa yana jin bambancin hannun da ke makyarkyata da hannun da mai shi ya miƙa da gangan. Masu suka sun ce ikon da ba ya tasiri suna ne kawai, har ɓoyuwar ma'anar kasabu ta zama abin buga misali. A Samarƙandi kuwa Abu Mansurul Maturidi, wanda ya rasu a 944, ya yarda Allah ke halittar aiki, amma ya ƙarfafa cewa zaɓin bawa zaɓi ne na haƙiƙa.

5. Razi ya komo da tambayar

Faharuddini Razi, wanda ya rasu a 1210, shi ya sake wasa tsohuwar wuƙar. Ya ce abin da Allah ya san zai auku, rashin aukuwarsa zai mai da sani jahilci, wannan kuwa ba ya yiwuwa, saboda haka aukuwarsa tilas ce. Ya kawo misalin Abu Lahabi, wanda aka umurta da imani alhali an riga an ba da labarin makomarsa. Nasiruddini Ɗusi, wanda ya rasu a 1274, ya ba shi amsa biyu. Ta farko, sani yana bin abin da aka sani ne, kamar yadda ya ke. In bawa zai zaɓa, to, zaɓin nan yana cikin abin da aka sani. Ta biyu ta fi kaifi: Allah ya san ayyukansa shi kansa tun azal, in da sani na kore zaɓi, da ya kore zaɓin Ubangiji ma, ba kuwa Musulmin da zai faɗi haka. Masana falsafa sun bi wata hanya dabam. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya ce sanin ɗan Adam abubuwa ke haifar da shi, sanin Allah kuwa shi ne sanadin abubuwa, don haka kuskure ne a auna ɗaya da ɗaya.

6. Abin da ya iso ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta gaji gardamar da zafinta ba, ta gaji sakamakonta ne a cikin littattafan zaure. Risalar Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta buɗe da babin aƙida wanda ya tabbatar da ƙaddara da sanin da ya riga kome. Sa'an nan ga Ummul Barahina ta Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wadda Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu na Bagarmi ya yi wa sharhi a ƙarni na 17. A makarantar Sanusi, ƙudura da nufi siffofi ne masu rataya da abin da zai yiwu kaɗai, kuma su ke da tasiri. Sani kuwa yana rataya da wajibi da mai yiwuwa da korarre duka, aikinsa bayyana abu ne, ba ya tasiri a cikinsa. Ashe almajirin da ya haddace siffofi ashirin yana riƙe da rarrabewar da aka yi ƙarnuka ana nema, ko da bai taɓa jin sunan Ma'abadu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, a kan tafarkin Ash'ari ya ke, amma ya yi tsayayya da masu kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin ilmin tauhidi ba.

Karin maganar Hausa ma ya riƙe gefe biyun. Bakin da ya ce “rabon kwaɗo ba ya hawa sama” shi ne ya ce “abin da mutum ya shuka shi zai girba”. Malamin da ɗalibi ya kawo wa tambayar nan a aji zai fi taimakonsa in ya fara da tambayarsa wace ƙaddara ya ke nufi cikin huɗun da aka ambata. In sani ne, mafi yawan makarantu sun haɗu a kan ba ya tilasta kowa. In nufi da halitta ne, nan ne Mu'utazila da Ash'ari da Maturidi suka rabu, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibin inda kowannensu ya tsaya da dalilinsa.