Landiroba: Motar Dajin Da Muke Sayarwa A Kilo

'Yan uwa, a wasu gidaje da garejin kanikawa na garin nan har yau akwai tsofaffin Landiroba da suka yi shekaru a ajiye, taya ta sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Kafin 'yan gwangwan su kwashe sauran, ya kamata mu san abin da muke rabuwa da shi.

An fara ƙera Land Rover a Ingila a shekarar 1948, a garin Solihull. Lokacin an gama yaƙin duniya na biyu, ƙarfe ya yi wuya, sai kamfanin ya yi jikin motar da alminiyam. Shi ya sa za ka ga shasinta ya ci tsatsa amma bodin na nan daram. Tayunta huɗu duka suna ja, don haka laka da yashi ba su cika tsayar da ita ba.

Wannan ne ya sa ta karɓu a ƙasar Arewa. A zamanin En'e, kwalta kaɗan ce, damina in ta sauka hanyoyin ƙauye sai a hankali. Da ita Di'o yake rangadi, da ita malaman gona da na dabbobi da masu allurar rigakafi suke shiga rugage da ƙauyuka, 'yan sanda da soja ma ita ce dokinsu. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta aka riƙa yi a kamfanin Leyland na Ibadan, lokacin da Kaduna ke harhaɗa Fijo.

Garinmu yana da nasa rabon. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, garin nan ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan hukumar gina birnin a nan suka fara yada zango, abin da ya bar mana sunan unguwar Field Base ke nan. Inda muke ganin Garki da Wuse da manyan tituna yau, a wancan lokaci daji ne da duwatsu da ƙauyukan Gwari. Masu awon ƙasa ba su da abin shiga sai motar daji, irin su Landiroba da Land Cruiser ta Japan.

Daga baya motocin Japan suka cinye kasuwa, don kayan gyaransu sun fi sauƙin samu. Gwamnati ta yi gwanjon nata, suka faɗa hannun 'yan kasuwa da manoma, aka ci gaba da dakon doya da itace da su har suka gaji. A Janairun 2016 kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin gaba ɗaya. Daga nan fa darajar tsofaffin ta ƙara tashi a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, inda masu tara kayan tarihi ke neman su. A Disambar 2015 an yi gwanjon wata ta musamman a Landan, wadda ta cika miliyan biyu a lissafin waɗanda aka ƙera, aka saye ta fam dubu 400.

Ba ina cewa kowace tsohuwar mota za ta yi irin wannan kuɗi ba. Amma mu a nan, alminiyam ɗin da ya sa ta daɗe shi ne ya zama ajalinta: a sassare ta, a auna a kilo, a narka a yi tukwane da ludayi.

Ga alamomin da za a duba. In fitilun gaba suna tsakiya, kusa da juna, to ta girmi shekarun 1970, don wajen 1969 aka mayar da su gefe. In sitiyari na dama, mai yiwuwa ta shigo kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta sauya hannun tuƙi. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayun gaba da na baya, akwai doguwa mai 109. Ɗan farantin da ke ɗauke da lambar shasi kada a ɓamɓare shi, kuma takardun mota, ko sun yi ja, a adana. Masu saye suna biyan kuɗi a kan fitila da tambari da ƙofa na asali, har da littafin gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne gado. Sau da yawa mai motar ya rasu, wani a cikin 'ya'ya ya kira 'yan gwangwan ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, ana ganin ai tarkace ne. To, tarkacen nan dukiyar magada ce, har da mata da marayu. A nemo bakanike da ya san ta, a ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku, sannan a sayar da yardar kowa. Kai kuma dillali, in ka san darajarta, ka ji tsoron Allah ka faɗa wa masu ita gaskiya.

Wanda kuma yake da hali ya gyara ta ya ajiye. Jikokinmu su ga irin motar da aka keta dajin nan da ita kafin a zuba kwalta. Allah Ya sa mu dace.