Daga Sura da Aya Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ambaton Littattafai

Ranar Lahadi, sa'ad da mai wa'azi a Maraɗi ya ce a buɗe Luka sura 15 aya 11, mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa da baƙon da ya zo da na Faransanci duk wuri ɗaya za su buɗe. Mun saba da wannan har mun manta cewa waɗansu mutane ne suka shirya shi. A farkon ƙarni na 13 ne aka raba littattafan zuwa surorin da muka sani, ana kuwa danganta aikin ga Stephen Langton, wanda ya koyar a Faris kafin ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila. Ayoyi sun zo daga baya. A shekara ta 1551 Robert Estienne, wani mai ɗab'i da ya bar Faransa ya koma Janeba saboda bangaskiyarsa, ya buga Sabon Alkawari da lamba a kan kowace aya. Abin da ya ba wannan tsari ƙarfi shi ne yardar da kowa ya yi ya bi shi.

Sauran littattafai ba su sami wannan gata da wuri ba. Kowane malami yakan ambaci inda ya samo magana yadda ya ga dama. A 1906 maɗaba'ar Jami'ar Shikago a Amurka ta buga ƙa'idodinta na rubutu, a 1937 kuma Kate Turabian ta taƙaita su domin ɗalibai. Makarantun tauhidi da yawa suna bin tafarkinta har wa yau. Amma waɗansu fannoni sun kafa nasu ƙa'idodin. Wani yana so shekara ta biyo sunan marubuci, wani yana so ta zo a ƙarshe. Ɗalibin da ya sauya makaranta sai ya sāke rubuta dukan jerin littattafansa da hannu.

Su ma laburare suna da tasu wahalar. A dā kowane littafi yana da katinsa a cikin aljihun kabad, ɗauke da sunan marubuci, da sunan littafin, da garin da aka buga shi, da shekara. A 1901 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara buga irin katunan nan yana sayar wa sauran, domin kada ma'aikata dubu su maimaita aiki ɗaya. Da kwamfuta ta zo, sai aka ga ita ba ta iya duban kati ta gane ina suna, ina shekara. Wata mata mai suna Henriette Avram, wadda ta fara aiki a laburaren a 1965, ita ta warware wannan. Ta ba kowane yanki na bayanin lambarsa: 100 ga marubuci, 245 ga sunan littafi, 260 ga wurin bugawa da shekara. Aka kira tsarin MARC. Daga 1966 aka gwada shi da laburare 16, ana aika musu faifan maganaɗisu ta gidan waya, a 1973 kuma ya zama mizanin ƙasashen duniya. Dabarar Estienne ce ta sāke fitowa, wato a sa wa kowane abu lamba, kowa kuma ya yarda da ita.

Da kwamfuta ta sauko kan teburin malami, shi ma ya so nasa kabad ɗin. A 1985 Oren Patashnik ya fito da BibTeX, wadda ta raba abu biyu da dā suke haɗe: bayanin littafi a ajiye shi sau ɗaya, salon ambatonsa kuwa a zaɓa a lokacin bugawa. Manhajoji na sayarwa irin su EndNote suka biyo baya, a 2006 kuma Jami'ar George Mason ta ba da Zotero kyauta. Da yake kowace tana da nata rumbun, sai aka bukaci harshen kasuwa a tsakaninsu. Wanda ya fi bazuwa shi ne RIS, inda kowane layi yake farawa da haruffa biyu: AU marubuci, TI sunan littafi, PY shekara, ER kuma ƙarshen bayanin. Mutum ya fitar da jerinsa daga wannan manhaja, ya shigar a waccan, ya zaɓi salo daga cikin dubbai, nan da nan jerin ya sāke kama.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, wato ASCII, alamomi 128 ne kawai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu. Duk da haka, idan manhajar da ta aika da wadda ta karɓa ba su daidaita a kan tsarin haruffa ba, sai ƙasa ta koma kasa, ko alamar tambaya ta maye gurbin harafin. Ko sunan J. F. Schön, wanda ya fara fassara littattafan Bishara zuwa Hausa a ƙarni na 19, yakan iso a lalace saboda ɗigo biyun da ke kan harafinsa. Akwai kuma batun sunaye. An gina manhajojin bisa al'adar Turawa ta sunan iyali, saboda haka idan marubucin littafi “Kwamitin Fassara” ne, sai kwamfuta ta ɗauke shi mutum ne, ta rubuta “Fassara, K.” Ƙari ga haka, littattafan ikilisiyoyinmu da yawa, irin waɗanda aka buga kwafi kaɗan aka ɗinke da zare, ba su cikin rumbun kowane babban laburare. In ba mu rubuta bayaninsu da hannunmu ba, ba wanda zai yi mana.

Saboda haka, ɗan'uwa mai rubuta tarihin ikilisiyarku, ko a Nijar kake, ko Gana, ko Kamaru, ka ajiye tsohon jerin kafin ka ƙaura da shi. Ka ƙirga bayanai kafin tafiya da bayan isowa. Ka zaɓi UTF-8 wajen fitarwa. Sa'an nan ka ɗauko littafin kansa, ka gwada shafinsa na fari da abin da ke kan allo, gama gani ya kori ji. Kwamfuta ba ta san gaskiya ba, yadda take ɗaukar daidai haka take ɗaukar kuskure, ta kai shi wurin mutum dubu.

Luka ya fara Bishararsa da faɗa wa Tiyofilas cewa ya bi diddigin al'amuran daga bakin shaidu. Ambaton inda muka samo magana ɗan ƙaramin reshe ne na wannan aminci. Jikokinmu za su so su sani wa ya faɗa, a wane littafi, a wane shafi. Bari mu bar musu hanyar a share.